Ƙafa ta iya, baki bai iya ba

Shekara 11 na yi ina buga ƙwallon ƙafa a lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tare hari, tun daga ƙungiyar unguwarmu a Ƙofar Marusa har gasar rukuni na biyu ta ƙasa, da kaka biyu a Firimiyar Najeriya. Ban yi wani suna ba, amma na ci abinci da ƙwallo, da kuɗinta na yi aure. Gwiwar dama ce ta sallame ni. A wani wasan waje na zo juyawa, ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya tafi ya bar ta, na ji ƙas. Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke, sai tiyata. Ƙungiyar da nake yi wa wasa kuwa tana riƙe da albashina na wata huɗu, don haka maganar tiyata a baki ta tsaya. Na dawo Katsina ina dogara sanda.

Ina cikin wannan jinya aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013. A gidan kallo na gan shi, na miƙe ƙafa a kan benci. Sunday Mba, ɗan wasan gida irinmu, ya jefa wa Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo, gidan kallo ya kece da ihu. Ni Stephen Keshi nake kallo a bakin fili. Mutumin da ya ɗaga wannan kofi a 1994 yana kyaftin, ga shi ya sake ɗaga shi yana koci. A daren na ƙudurta a raina cewa ni ma koyarwa zan yi. Kuma na ɗauka abin ba wuya, tunda ai na buga.

Na fara da yara 23 da ƙwallo biyu, a wani filin makarantar firamare da rabinsa yashi ne rabinsa tsakuwa. Wata ukun farko ba koyarwa na yi ba, burga na yi. In yaro ya kasa tare ƙwallo, sai in karɓa in tare a gabansa da gwiwata mai ciwo, in ce “haka ake yi”. In ya sake kasawa in daka masa tsawa, don haka aka yi mana. Yara shida suka daina zuwa, na ce ragwaye ne.

Wani yaro ɗan shekara 14, siriri, mai yawan tambaya, shi ya tona mini asiri. Muna atisaye na shiga cikinsu, na tsinke wata ƙwallo tun kafin ta isa wurin ɗan gaba. Sai ya tsaya ya ce, “Koci, ya aka yi ka san nan zai ba da ita?” Na buɗe baki, babu amsa. Shekara 11 ina yin abin nan kowane mako, amma ban san yadda nake yin sa ba. Na ce masa “za ka gane in ka daɗe”, wadda ba amsa ba ce, kuma shi ma ya san ba amsa ba ce.

Tambayar ta hana ni barci. Na koma ina zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda har yau mu Karkanda muke ce masa, in zauna can sama, in bar ƙwallo ta yi ta yawonta, ni ɗan tsakiya ɗaya kawai nake bi da ido har a tashi. A hankali na gano abin da ƙafata ta sani. Ƙafar da mai bugu ya kafa a ƙasa ita ke nuna inda ƙwallo za ta, haka ma ƙugunsa. Ɗan tsakiya nagari kuma yana waiwaya kafaɗarsa tun ƙwallo ba ta zo ba, sau biyu, wani lokaci uku. Na dawo na mai da wannan wasa: in tsaya bayan yaro in ɗaga yatsu, sai ya faɗi nawa na ɗaga kafin ya karɓi ƙwallo. Suka yi ta dariya mako guda. A wata na biyu kuwa an daina ƙwace musu ƙwallo ta baya.

Daga baya na je Legas na yi kwas ɗin horarwa a NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa da ke babban filin wasa na Surulere. Abin da ya fi ba ni wuya can shi ne biro. Sai ka rubuta atisayen gobe tun yau, minti nawa na ɗumama jiki, me kake son yaro ya koya, da wace alama za ka gane ya koya. Mu tsofaffin ’yan wasa mu muka fi shan kunya a ajin, malaman makaranta da ba su taɓa buga gasa ba suna wuce mu. Na ji haushi, amma gaskiya ce, su sun saba bayani.

Akwai kuma abin da babu shi a kwas. Da azumi ba ka sa yaro gudu da rana, sai dai a taɓa ƙwallo sama-sama bayan la’asar. Da hunturu in ka ce ƙarfe shida na safe, kai da ƙura za ku haɗu a fili. Sannan iyaye. Mahaifin yaron nan mai tambaya ya hana shi zuwa, na je na same shi a shagonsa bayan magariba, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Malam, kai da ka yi ƙwallon, me ka tara?” Yana kallon gwiwata. Ban yi masa ƙarya ba, na ce, “Baba, ban tara komai ba, shi ya sa duk yaron da ya yi fashin makaranta ko Islamiyya ba ya taɓa mini ƙwallo.” Ya yi shiru, can ya ce Asabar da Lahadi kawai. Na karɓa da hannu biyu.

Yaron yanzu ya girme wa ƙungiyar, yana taimaka mini da ƙananan. Makon jiya na ji shi yana yi wa wani ƙaramin gola tsawa, “sau nawa zan nuna maka!” Muryata ce sak ta wancan lokaci. Na kira shi gefe, na miƙa masa littafina da biro, na ce atisayen Asabar nasa ne, ya kawo mini shi a rubuce ranar Alhamis. Ya kawo layi uku. Na mayar masa.