Daga Jalingo zuwa Bali, a kan sawun madobiya

Ƙanen mahaifina kafinta ne, kuma shi ya ja ni wannan tafiya. Wani mai kuɗi ya ba shi aikin ƙofofi da gadaje, ya kafe sai da madobiya za a yi, ita kuwa ta yi wuyar samu a kasuwar katako. Muka tashi daga Jalingo da hantsi, lokacin hunturu, muka bi ta Sunkani muka nufi Garba Chede.

A wannan lokacin na shekara madobiya ba ta ɓuya. Takan zubar da ganye, ta cika da fure rawaya, tun daga nesa za ka hango ta a gefen tsauni. Baba ya ce a da idan ka bi wannan hanya ko'ina ka waiwaya ita ce. Mu dai sai jefi-jefi muke ganinta, yawanci sirara ko karkatattu, waɗanda masu injin yanka suka raina.

A Garba Chede ba wanda ke cewa madobiya. Madrid suke kiranta. Nan ne aka riƙa tara gungumen da ake fitarwa daga dazukan Bali da Gashaka, a fafe su kusurwa huɗu tun a daji, a loda a tirela zuwa Legas, daga can a zuba a kwantena sai ƙasar Sin, inda ake kujeru da tebura masu tsada irin na gidajen sarautarsu na da. A 2017 aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya, mai kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ke taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya. Amma kafin nan an riga an yi ɓarna.

Wani dillali ya kai mu bayan gari inda ragowar gungume ke jibge. Baba bai yi ciniki ba sai da ya duƙa ya kankare gefen ɗaya da wuƙa. "Zo ka gani, ɗana," in ji shi. Bayan itacen fari ne, wannan gara na cin sa, ba shi da wani amfani. Cikin kuwa ruwan zuma ne mai ratsin ja da baƙi, shi ne kuɗin. Gara ba ta taɓa shi, danshi ba ya saurin ruɓar da shi. Ya ce in ɗaga wani guntu, na ji nauyi kamar dutse. Idan ka buga ƙusa kai tsaye lanƙwashewa take ko katakon ya tsage, dole sai an fara huda shi. Yana dakusar da zarto da wuri, kuma wanda ya yi aiki da ɗanye zai ga ƙofarsa ta murɗe bayan damina. Amma in ya bushe aka goge shi da kyau, ba ya bukatar fenti, ɗan mai kawai ya ishe shi ya yi sheƙi. Can Mali da Gini da shi ake sassaƙa ganga da balafon, wani abin kiɗa na jeren katako da ake bugawa da sanda, saboda amonsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar wani dattijon Bafulatani da muka tarar a wajen mai shayi. Baba ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar shanu. Ya ce, "Malam, shanu sai haƙuri." Ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ganyen madobiya suke sassabo wa dabbobi, domin tana tohowa tun kafin ruwa ya sauka. Su reshe suke sara, bishiyar ta sake fitowa. Masu inji kuwa daga gindi suke kayarwa.

A ganina an yi mana sayen wawa. Ɗanyen gungume aka kwashe a farashin banza, aikin hannu da ribar duka suka tafi wata ƙasa, yanzu kafintan gida ne ke yawo yana neman rarar da aka bari.

Da la'asar muka ƙarasa Bali, muka kwana kusa da kogin Taraba. Baba ya samu abin da zai ishe shi ƙofofi, gadajen kuwa ya ce zai lallaɓa mai aikin ya yarda a yi da maɗaci.