Kafin ka buga katin ƙaddamar da gidauniyar laburare

Wani matashin malami ya nuna mini katin gayyata da ya tsara a waya: bikin ƙaddamar da gidauniyar laburaren makaranta, da babban baƙo, da uban taro, da mai ƙaddamarwa. Na tambaye shi ɗakin da za a zuba littattafan, ya ce sai kuɗi sun shigo. To ɗana, hanyar da muka bi ke nan, ba ta ɓulle ba.

Mu ma rumfa muka kafa, muka yi hayar kujeru da lasifika, aka dafa abinci, aka sallami maroƙi. Alhazai suna tashi suna sanar da alƙawari, ana tafi raf-raf. Abin da aka ƙirga a faranti da yamma ko kuɗin haya bai rufe ba. Alƙawari kuwa muka bi shi gida-gida: Alhaji ya yi tafiya, a dawo bayan salla. Ba zan ce wauta ce zalla ba, a lokacin haka kowa ke yi, kuma ba wanda ya nuna mana wata ƙofa. Amma ajiye ɗan abin da ya samu a asusun mutum ɗaya, ba rasit, wannan laifinmu ne, daga nan zargi ya raba kwamitin. Littattafan kyauta kuma muka jibge su a sito kan siminti. Damina ɗaya rufi ya yi yoyo, gara ta ƙarasa sauran.

Fara da ɗaki. A gyara rufi, a sa ƙyaure mai kwaɗo da ragar taga. Kafinta ya ɗaga kanta daga ƙasa kamar taƙi guda, ya janye ta daga bango, a shafe katakon da maganin gara. Sannan asusu da sunan kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, masu sa hannu aƙalla biyu. Masu ba da tallafi ba sa zuba kuɗi a asusun Malam wane.

San ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Tun 2011 TETFund, wato asusun tallafin ilimi na gwamnatin tarayya, ta manyan makarantu ce kawai, kada ka ɓata takarda. Firamare da ƙaramar sakandare ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, suke bi zuwa ta tarayya, wato UBEC, wadda ke da shirin ba kwamitocin SBMC kuɗin gyaran makaranta. A jihohi irin su Kano, Kaduna, Katsina da Kebbi, shirin AGILE na Bankin Duniya ya ba sakandare irin wannan tallafi, amma sai abin da ke cikin tsarin raya makaranta ake biya. In laburare ba ya ciki, shi ke nan.

Ƙungiyoyin waje masu ba da littattafai fa? Book Aid International ta Ingila ta hannun abokan hulɗarta take rabawa. Books for Africa ta Amurka tana cika kwantena da littattafai sama da 20,000, sai dai kuɗin jirgin ruwa da na fito da kaya a tashar Legas sai an nemo mai biya. Kuma yaron aji uku da ke haɗa baƙi da kyar, littafin Hausa yake buƙata, irin wanda za ka saya a Zariya ko Sabon Garin Kano da kuɗin hannu.

Takardar neman tallafi shafi biyu ta isa: yawan ɗalibai, hoton ɗakin, jerin littattafai aji-aji, farashin kafinta a rubuce, da abin da iyaye suka riga suka bayar, ko da yashi ne da aikin gayya. Ku yaran yanzu sai ku kwafo ta daga intanet, har da sunan wata makaranta a ciki, ku aika wa wuri ashirin, ku zauna kuna duba waya.

Shawarata, kar ka yi biki. To, in tsofaffin ɗalibai sun nace, yi, gaskiya su ne suka fi bayarwa. Amma a harabar makaranta, kan bencin aji, ba abinci. Kar ka nemi kuɗi a dunƙule: wannan ya ɗauki kanta ɗaya, wancan littattafan lissafi na aji huɗu, a rubuta sunansa a jiki. A kawo na'urar POS, wanda ya sanar ya biya kafin ya tashi, a ba shi rasit.