Allon shagona ya yi wata uku yana cewa a tsaye nake

Ina da ɗan shago a Mabera inda nake buga wa mutane takardu a kwamfuta, ina kuma sayar da biro da littattafan rubutu da ambulan. Da na sa aka rubuta mini allo, ni da kaina na ba mai fenti kalmar: stationary. Wata uku yana rataye, ina ta alfahari da shi.

Ranar nan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya zo yin hoton takarda. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ɗana, kai da shagon naka ba ku motsi ne?" Ashe stationary mai a na nufin abin da ke tsaye cik. Kayan rubutu kuwa stationery ne, da e. Ya ɗauki ambulan ya ce in tuna da envelope, wadda da e take farawa. Kunya ta kama ni, na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri."

Abin haushin, kwamfuta ba ta ja wa irin waɗannan jan layi, don duka biyun kalmomi ne na gaskiya. Kunne ma ba ya raba su. Ko a makon jiya wata ɗaliba ta kawo wasiƙa zuwa ga principle na makarantarsu, alhali shugaban makaranta principal ne, principle kuwa ƙa'ida ce. Na gyara mata ban yi dariya ba, don ni ma sai da na sake biyan mai fenti.