Kashin yaro da jininsa

Shekara guda na yi ina bin yara masu tamowa a nan Damagaram, ina neman haɗa abu biyu: ƙwayoyin da ke zaune a hanjin yaro, da abin da jininsa ke nunawa. Daga kashi ake ciro DNA, wato sinadarin gado na ƙwayoyin, a karanta sashen da ake kira 16S don a san irin bakteriyar da ke ciki. A jini kuma muna auna furotin kamar CRP, wanda ke hawa idan jiki na fama da kumburi. Abin da ya fara jawo ni shi ne aikin da aka buga a 2013 kan tagwayen Malawi: an ɗauki ƙwayoyin hanjin yaro mai kwashiorkor, wato tamowa mai kumbura jiki, aka sa wa ɓerayen da ba su da ƙwaya ko ɗaya, aka ciyar da su abincin Malawi, suka rame.

Na zaci kwamfuta ce za ta ba ni wuya, ko firigo mai sanyin −80 a zafin Afrilu, ga kuran na yawan ɗaukewa. Waɗannan duk mun lallaɓa.

Da sakamako ya fito, har tsalle na yi. Yaran da CRP ɗinsu ya fi hawa su ne masu ƙarancin Prevotella, bakteriyar nan da aka samu da yawa a hanjin yaran ƙauye a Burkina Faso a 2010, masu cin hatsi kamar mu. Na kai wa wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, ina washe baki. Ta duba takardun tsaf.

"Ɗana, jinin nan yaushe ka ɗiba?"

"Ranar da aka kwantar da su, Hajiya."

"Kashin fa?"

Na yi shiru. Yaro ba ya kashi don ka zo da kwalba, wani sai bayan kwana biyu ko uku. Kafin nan waɗanda suka fi jin jiki sun riga sun sha amoksisilin, maganin da ke kashe bakteriya, wasu har da allura. Ashe sawun magani nake gani, na ɗora wa cuta. Kusan rabin aikin ya tafi.

Ba a jinkirta wa yaro magani saboda bincike, don haka muka koma shafo samfuri da auduga daga dubura, da yardar uwa, a daidai lokacin ɗibar jini. Na kuma ƙara layi biyu a takardar tambaya: ƙarfe nawa aka ba da cokalin farko na magani, da kuma ko uwar ta sayi kafso wajen mai talla kafin ta zo. Ita wannan ta biyun Hajiya ke yi, don ni idan na tambaya cewa suke a'a.