Yadda muka yi ritaya a Fotugal

Shekara 31 na yi ina aikin haɗa magunguna a Ingila. Da na ajiye aiki a 2022, 'yan'uwa a Zariya sun ɗauka gida za mu dawo, ni ma can zuciyata take. Amma Hajiya na fama da ciwon gwiwa, sanyin Ingila ya ishe ta, jikoki kuwa duk suna Landan, ba ta son yin nisa da su. Sai muka zaɓi Fotugal, inda jirgi ke kai mu wurinsu cikin ƙasa da awa uku.

Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, fasfo kaɗai ba ya wadatarwa, sai da muka nemi bizar D7, wadda ake bai wa mai fansho ko kuɗin haya. Sharaɗin shi ne abin da ke shigo maka duk wata ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, Yuro 705 a wata a 2022, a ƙara rabinsa saboda mata. Aka kuma buƙaci lambar haraji da suke kira NIF, da asusun banki, da takardar hayar gida. Haƙuri kawai wannan ke so.

Mun fara kama gida a Tavira, wani ɗan gari mai tsafta a yankin Algarve da ke kudu. A watan Satumba muka gan shi, rana ƙwal, bishiyoyin lemo a bakin titi. Ba mu tambayi yadda yake a Janairu ba. Yawancin gidajen yankin don zafi aka gina su, ba su da abin ɗumama ɗaki. Da tsakar rana waje ya fi ciki ɗumi. Bango ya riƙa zufa, manyan rigunana da na adana a sif suka yi fumfuna, har wata shadda ta lalace. Ciwon gwiwar da muka guda ya biyo mu.

Duk wannan da sauƙi. Azumin 2023 ne ya tona mana asiri. Wata guda mu biyu muke buɗe baki, babu kiran salla, babu maƙwabcin da za a aika wa ƙosai. Wani dare bayan tarawihi Hajiya ta naɗe darduma, ta dube ni ta ce, "Alhaji, in ɗayanmu ya cika a garin nan, wa zai yi masa wanka?" Na rasa abin cewa. Na lissafa haya da haraji da kuɗin magani har kwabo, amma ban lissafa jama'a ba.

Da wa'adin haya ya cika muka koma Almada, a tsallaken kogin Tejo, minti goma a jirgin ruwa daga tasharsa ta Cacilhas zuwa Lisbon. Haya ta fi tsada, gidan ya fi ƙanƙanta, amma wannan karon sai da na shafa bango na duba tagogi kafin na sa hannu. Akwai masallaci a Laranjeiro, kusa da mu. Wata Juma'ar kuma mukan haye zuwa babban masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, inda sahu ke cika da Fulanin Gini Bisau da mutanen Mozambik da Bangaladash. A unguwar Martim Moniz da ke Lisbon Hajiya ke samun naman halal da kuɓewa da manja.

Harshen ne ya fi ba ni wuya. Da furfurata na shiga ajin yamma na kyauta da gwamnati ta tanadar wa baƙi, kuma da na sani da tun ranar farko na shiga, don a asibitin unguwa ba kowa ke jin Turanci ba. Yanzu ni nake yi wa likita bayanin gwiwar Hajiya da bakina.

Bara wani dattijo ɗan Gini Bisau da muke sahu ɗaya ya rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Da na dawo gida Hajiya ta tambaye ni ko an samu jama'a, na ce mata sahu biyar.