Inda aka kwana a aikin gangar jirgi: fatar waje ta zauna

'Yan'uwa abokan koyo, barkanmu da aiki. Na gama lulluɓe ƙwarangwal ɗin ƙaramin jirgin ruwan nan mai tafiya da iska da soso, faibar waje ma, wato fatar yadin zaren gilashi da gam, ta kama ta bushe.

Soson da nake amfani da shi Divinycell H80 ne, mai kaurin milimita 10. Lambar 80 ɗin nauyinsa ce, wato kilo 80 a kowace mita kubik. Ba irin na katifa ba ne, mai tauri ne, kuma ƙofofinsa a rufe suke, ba ya shan ruwa. Kada araha ta ja wani ga farin soson nan da ake naɗe firiji da shi. Ba shi da ƙwarin wannan aiki, in kuwa gam ɗin foliyesta ya taɓa shi, narkewa yake nan take.

Na kifa ƙwarangwal ɗin, na bi shi da siraran katako, sannan na riƙa ɗaure soson ta ciki da sukuru. A gefe, inda jiki ya miƙe, aikin bai ba da wuya ba. Wajen goshi ne sai da lallami: a hura masa iska mai zafi har ya yi laushi, a lanƙwasa a hankali, a riƙe ya huce. In aka matsa masa da sanyi, karyewa yake.

Abin da nake so mu riƙe shi ne manni. Soson shi kaɗai ba wani ƙarfi gare shi ba, aikinsa raba fatun faiba biyu, kuma wannan tazarar ce ke sa jikin ya yi tauri ba tare da nauyi ba. Da wannan dabara maƙerin jiragen ruwa Derek Kelsall ya ƙera Toria, jirgin da ya ci tseren kewaya Birtaniya a 1966. Amma fa duk inda fata ta rabu da soso, nan ƙarfin ya ƙare. Shi ya sa kafin in shimfiɗa yadin faiba sai da na dama gam ɗin ifoksi da garin cikawa, na shafe fuskar soson kaf, don kada busassun ramukansa su tsotse gam ɗin da yadin ke bukata.

Ku riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, ku juye a tire mai faɗi. Ifoksi da aka bari a kofi zafi yake ɗauka, ya daskare a hannunka, balle da rana tsaka. Safar hannu da takunkumi kuwa dole ne, musamman lokacin goga da samfefa.

Da ya bushe na bi shi da kwandala ina ƙwanƙwasawa. Inda ya kama, ƙarar tana fita ras. Inda iska ta maƙale, sai ka ji ta dushe. Na zagaye irin waɗannan wuraren da alli, za a goge a sake.

Gaba, in Allah ya yarda, za a birkice gangar. Duk inda noti zai ratsa sai na ƙwaƙule soson na cike da zallar faiba, domin ɗaurin noti murƙushe soso yake yi. Bayan nan sai fatar ciki.