Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zamana a Matakin da Ake Tsallakewa

Alƙawarin da na yi a makon jiya shi ne zan ba da labarin komawata makaranta neman babbar difloma. Ku yi haƙuri, makarantar ta ɗan jira. Maganar matakin albashi na 10 ce ta tsaya mini a rai, kuma in ban fitar da ita ba sauran labarin ba zai tafi daidai ba.

Ga wanda bai yi aikin asibitin tarayya ba, ga yadda abin yake. Tun tsarin da kwamitin Udoji ya kawo a 1974, matakan albashin ma'aikatan gwamnati 17 ne, amma babban ma'aikaci ba ya taka na 11. Daga 10 sai 12. Mu na manyan asibitoci an yi ta sauya mana sunan tsarin albashi: HATISS a 1998, CONTISS a 2007, sannan CONHESS da aka amince da shi a 2009 ya fara aiki a Janairun 2010, mai matakai 15. Likitoci aka ware musu nasu, CONMESS, mai matakai 7. A lissafinmu lambar ta sauka da ɗaya, na 9 ɗinmu shi ne na 10 na ma'aikatan sakatariya, saboda haka matakin da ake tsallakewa a wurinmu ya zama na 10. Duk wanda ya riga ni daga 9 ya faɗa 11. Da layi ya zo kaina a 2011, sai aka ce daga sama an hana tsallake. Takardar ƙarin girmata ta fito da lamba 10 ɓaro-ɓaro, har da taya murna a ƙasanta.

Kawu, Allah ya jiƙansa, yana da magana ɗaya da ya raine mu da ita: "Gwamnati ba ta ganin gumi, tawada take gani." Shi ya san dalilin faɗar haka. Tun zamanin En'e yake aikin disfensare. Shi ke wanke gyambo, shi ke allura, in dare ya yi shi ake bugawa ƙofa, mutane Likita suke ce masa. A takarda kuwa mai hidima ne, kuma a haka Udoji ya same shi, a gindin tsani. Da kuɗin suka fito a 1975, wani ɗan ƙanƙanin malami da Kawu ya koya wa riƙe sirinji ya ninka shi, don kawai shi yana da satifiket. Inna ta ce ranar bai yi magana da kowa ba. Shi ya sa da na sami aiki a ɗakin kati a 1988 bai tambaye ni nawa za a biya ni ba, abin da ya tambaya shi ne, "Me aka rubuta a takardar?"

Na ɗauki takardar tawa na tafi ofishin mulki. Jami'in da ke kula da ƙarin girma, wanda ba zan kama sunansa ba don yana da 'ya'ya kuma suna karatu a intanet, ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba alhali sa hannunsa ne a kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan matakin ai ba a zama a kansa."

Ya ce, "Malam, ai ga shi ka zauna. Sakula ce, ba ni ba ne."

Sakula, wato takardar umarni daga sama. Duk zaluncin da na gani a aikin nan da wannan kalmar aka rufe shi. In sakular ta rage maka ce, ranar da ta iso ake aiki da ita. In ta ƙara maka ce, sai an nemi ƙarin bayani daga Abuja, sai an ga kasafin kuɗi, sai hukumar gudanarwa ta zauna.

Ƙungiyoyi suka kai ƙara, kuma a 2013 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yanke hukunci cewa tsallaken yana nan. Mun yi murna ƙwarai. Aka fara gyara wa mutane ɗaya bayan ɗaya, masu gwaji, masu harhaɗa magunguna, nas-nas, masu ɗaukar hoto. Ni kuma sai aka ce ba a ga fayil ɗina ba. Ku dubi wannan abu. Ni ne mutumin da in aka zo da katin da ya yage, lambar ta goge, mai shi ya rabu da asibitin shekara goma, zan shiga cikin ɗakin nan mai ƙura in fito da fayil ɗinsa kafin likita ya gama wanke hannu. Manyan likitoci masu rubuta bincike ni suke nema. Ban taɓa ɓatar da fayil ɗin marar lafiya ba, ina faɗa da babbar murya, wanda yake da ja ya fito. Amma nawa, a ofishin da ke da fanka da kabad mai makulli, ya yi ɓatan dabo. Aka buɗe mini na wucin gadi, siriri, babu takardar kama aiki a ciki, babu ta tabbatarwa. Na kawo kwafin komai, don Kawu ya koya mana ajiye takarda. Aka ce kwafi ba ya isa sai an ga na asali, na asalin kuma yana cikin fayil ɗin da ya ɓata.

A nan ne wani yaro da ke sashenmu ya shigo labarin, ko da yake zuwansa ya riga wannan lokacin. Da digiri ya zo. Yaro ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kan halinsa, Baba yake ce mini har gobe. Ni na nuna masa yadda ake jera fayil da lambobin ƙarshe, ni na zaunar da shi a kan littafin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, har ya iya bambance ciwon da ya kawo mutum asibiti da wanda ya kashe shi. Shi yana layin jami'ai, ni ina layin masu difloma, kuma layinmu yana da rufi: komai daɗewarka akwai inda ba ka wucewa, kujerar darakta kuwa ko a mafarki. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke bambancin digiri da babbar difloma a 2021, Shugaba Buhari ya sauka bai sa masa hannu ba. Kafin nan yaron ya riga ya wuce ni. Ranar da aka ba shi shugabancin sashe ya zo har teburina ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi kunya nake ji." Na ce, "Tashi, ɗana, ba kai ka rubuta ba." Takardar neman hutuna ta shekara tun daga ranar shi ke sa mata hannu. Tawada take gani.

Mutanen waje abin da suka sani shi ne rigimarmu da likitoci, kuma rigimar gaskiya ce. A Janairun 2014 aka gyara CONMESS, aka bar CONHESS yadda yake. Likitoci suka ce tazarar da ke tsakaninsu da sauran ma'aikata ta zaizaye, dole a maido da ita. Mu kuma a ƙarƙashin JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, muka ce ba daidaito da likita muke nema ba, yadda aka taɓa nasu a taɓa namu. Aka yi yajin aiki a Satumban 2017, aka janye a ƙarshen watan bisa alƙawarin gyara. Shiru. Aka koma a 2018, daga tsakiyar Afrilu har ƙarshen Mayu, lokacin Farfesa Isaac Adewole na ministan lafiya, Chris Ngige na ƙwadago, dukansu likitoci ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kowa a cikinmu ya yanke hukuncinsa. Gwamnati ta ɗauko sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata, ba aiki ba albashi, aka riƙe mana kuɗin Afrilu da Mayu. Maman yara ita ta riƙe gidan a watannin nan, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Yaya Babba ne ya yi, a gaban mutane, ya ce wai mun bar marasa lafiya suna mutuwa saboda kwaɗayi. Shi da bai taɓa kwana a asibiti ba sai in an kwantar da shi. Mun shirya daga baya, amma na ce zan rubuta, ga shi na rubuta.

Ban taɓa ƙin likita don yana likita ba. Na ga waɗanda suka kwana a tsaye a ɗakin tiyata suka wayi gari a kilinik. Karatunsu ya fi nawa tsawo, a biya su fiye da ni, ban ce a'a ba. Inda na tsaya shi ne alawus ɗin haɗari. Shekara da shekaru naira 5,000 ne ga kowa, kuɗin banza, amma aƙalla kowa ɗaya. Da aka gyara shi a Disamban 2021, bayan korona, sai aka raba: na likita daban, na sauran daban, kuma a cikin sauran ma manya daban ƙanana daban. Mai tarin fuka in ya shigo asibiti tagar wa yake fara zuwa? Tagar kati. A fuskata yake tari kafin kowa ya san abin da ke damunsa, kafin a ce a sa takunkumi. Mai shara da ke kwashe allurai da auduga mai jini shi ya fi kowa kusa da cuta, shi aka ba mafi ƙanƙanta.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa a cikin gidanmu yake. Duk yajin da aka yi ina gaba. Ni ke rufe taga, ni ke riƙe kwali a bakin ƙofa, don sun san in ɗakin kati ya rufe asibiti ya tsaya. Amma in aka shiga ɗakin tattaunawa, buƙatun da ke saman takarda na masu digiri ne: a ba su muƙamin kwansaltan, a ba su darakta, a bar su su shugabanci asibiti. Na sami shugaban reshenmu na ce, "Kwamared, maganar fayil ɗina fa? Hukuncin kotu ne, ba alfarma ba." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, wannan matsalar mutum ɗaya ce, bari mu gama da babbar." Babbar ba ta ƙare ba har ya sami nasa ƙarin girman ya bar kujerar. Da na yi masa maganar rufin da ke kan masu difloma cewa ya yi kada mu raba kan ƙungiya. Ashe in mu muka yi shiru haɗin kai ne, in muka yi magana rarraba ce. Yana karanta wannan shafin, na sani, don ya taɓa aiko mini da gaisuwa ta nan. Ina amsawa, Kwamared.

Fayil ɗin ya fito daga baya, bayan an yi wa jami'in nan canjin wurin aiki. Wata yarinya sabuwar ɗauka ce ta same shi a ƙasan kabad ɗinsa, ta kawo mini da hannunta tana cewa, "Baba, wannan ba sunanka ba ne?" Aka gyara mini mataki, amma daga ranar gyaran, ba daga 2011 ba. Ariyas, wato kuɗin baya da nake bi, aka ce sai an sami kuɗi. Matasa ku lura da wannan: tun dokar fansho ta 2004 abin da ake tara maka kaso ne na albashinka, wanda dokar 2014 ta mayar kashi 8 daga gare ka, kashi 10 daga gwamnati. Duk watan da na yi a matakin da ba nawa ba, asusun fanshona ma an rage shi, kuma ƙarin girman da ya biyo baya duk ya makara. Ƙarin albashi na kashi 25 da 35 da aka yi a 2023 a bakin ƙofa ya same ni, don a shekarar na cika 35 na aiki na ajiye.

Kawu bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, ya rasu tun ina mataki na 6. Sai dai akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunsa ni Inna ta ba, kuma a ciki na tarar da kwafin koke da ya rubuta da hannunsa yana neman a sake duba matsayinsa, babu amsa a haɗe da shi. Nawa koken na ariyas yana ofishin mulki, na karɓi hatimin shaidar sun karɓa, kuma autarmu da ke karatun lauya ta ce in ba ta kwafi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma makarantar, da yadda aka hana ni hutun karatu da albashi aka ba wanda ya zo bayana.